Omar Sy da Hanyar Ɗan Wasa a Faransa: Sa'a Ce ko Sana'a?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai wasan daɓe a Damagaram. Ga ta a taƙaice: "Malam, na kalli Lupin har sau biyu. An ce min jarumin, Omar Sy, bai taɓa shiga makarantar wasan kwaikwayo ba, fim ɗaya ne ya ɗaga shi dare ɗaya. Gaskiya ne? In kuwa har ya kai Hollywood, me ya dawo da shi shirin talabijin, ba ci baya ba ne? Sannan irinmu muna da ƙofar shiga can?"

Ƙanena, rabin abin da aka gaya maka gaskiya ne. Bai yi makarantar wasa ba. Amma wanda ya ce maka dare ɗaya ya tashi, bai zauna a Faransa ba a shekarun da mutumin nan yake shiga falon jama'a kusan kullum lokacin cin abincin dare. Ni na zauna. Karatu ne ya kai ni, daga baya na yi 'yan shekaru ina aikin rubuta fassarar da ake sa wa a ƙasan allo, don haka na ga sana'ar daga ɗakin baya, inda ba jan kafet ba fitilu.

An haifi Omar Sy ranar 20 ga Janairun 1978 a Trappes, wani gari na ma'aikata kimanin kilomita 30 daga Faris ta yamma. Mahaifinsa ɗan Sanagal ne mai aiki a masana'anta, mahaifiyarsa 'yar Muritaniya ce mai aikin shara da goge-goge. Fulani ne, kuma su takwas aka haifa a gidan. Trappes irin wuraren nan ne da Faransawa ke kira banlieue, dogayen benaye na haya mai araha inda aka tara 'yan ci-rani da 'ya'yansu, kuma jarida ba ta cika leƙa su ba sai an ƙona mota. Sai ga shi wannan ƙaramin gari ya fitar da mutum uku a zamani ɗaya: ɗan ƙwallo Nicolas Anelka, ɗan barkwanci Jamel Debbouze, da Omar. Jamel ne ya fara samun shiga, shi ne kuma ya ja hannun Omar zuwa gidan rediyon Radio Nova a shekarun 1990. A nan ya haɗu da Fred Testot, suka zama tagwayen barkwanci da aka sani da Omar et Fred, daga rediyo suka tsallaka tashar Canal+.

Abin da ya zama makarantarsa ta gaskiya shi ne wani ɗan guntun shiri mai suna Service après-vente des émissions, kowa na ce masa SAV, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2012 a cikin babban shirin yamma na Canal+. Bai wuce minti biyu zuwa uku ba. Ɗaya zai zauna a matsayin ma'aikacin karɓar ƙorafi da waya a kunne, ɗayan ya buga waya yana kwaikwayon wani mahaukacin mai kallo, da hular gashi ko rigar aro, sai su yi musanya. Ba daji, ba mota, ba faɗa, fuska ce kawai da murya a gaban kyamarar da ba ta motsi. Kai da kake wasan daɓe ka san cewa a dandali jiki ne ke magana, sai ka buɗe hannu ka ɗaga murya don na layin baya ya ji. Kyamara ba ta son haka. Ita ido take karantawa, da ɗan jinkirin da mutum zai yi kafin ya saki kalma. Shekara bakwai Omar ya yi yana wannan atisaye a gaban jama'ar ƙasa guda, ana dariya ko a yi tsit, gobe a sake. Har wani abu da malamin wasa zai kira kuskure ya zame masa jari: yakan kasa riƙe dariya a tsakiyar wasa, ya fashe da wata irin dariya mai faɗi, sai masu kallo su bi shi. Kafin ya ja ragamar fim ko ɗaya, Faransawa sun riga sun saba da shi kamar ɗan maƙwabci.

A nan sai na ɗan ratse in bayyana maka yadda kuɗin fim ke yawo a ƙasar, don in ba ka gane wannan ba, ba za ka gane dalilin da talabijin ke zama tsanin hawa sinima ba. Tun 1946 Faransa ke da wata hukuma mai suna CNC mai kula da harkar fim. Duk tikitin sinimar da aka sayar, ko na fim ɗin Amurka ne, ana yankar kashi 10.72 cikin ɗari a zuba a asusunta, daga nan a tallafa wa masu shirya fina-finan gida. Wato duk Bafaranshen da ya je kallon fim ɗin Hollywood, ya sa hannu a aljihu ya taimaki furodusan ƙasarsa bai sani ba. Tun 1959 kuma, zamanin da André Malraux ke ministan al'adu, akwai wani rance da ake bai wa fim kafin a ɗauke shi, a biya in ya yi kasuwa. Sannan doka ta ɗora wa tashoshin talabijin zuba wani kaso na kuɗin shigarsu a shirya fim. Canal+, wadda aka buɗe a 1984, ita ce uwa ma ba da mama a nan: tsakanin 2022 da 2024 tana zuba kusan Yuro miliyan 200 a shekara, ladanta kuwa ita ce ke fara nuna fim wata shida bayan fitowarsa a sinima. Da wannan tsari ne ƙasar ke fitar da fim kusan 300 a shekara, kuma fina-finan gida ke riƙe da wajen kashi 40 na kasuwa, abin da maƙwabtanta na Turai suka daɗe da rasawa.

To ka ga inda zaren yake. Tashar da za ta sa kuɗi a fim tana son fuskar da masu kallonta suka sani, don ita ma ranar da za ta nuna shi tana son a zauna a kalla. Ɗan barkwancin da ya yi shekaru a allonta ya riga ya zama haja mai tafiya. Ta wannan hanya Alain Chabat ya bi, José Garcia ya bi, Jamel ya bi.

Akwai babbar ƙofa kuma, ta 'yan boko. Ita ce Conservatoire ta Faris, makarantar gwamnati da ke ɗaukar ɗalibai wajen 30 kacal a shekara cikin masu nema fiye da dubu, sai makarantu masu zaman kansu irin Cours Florent, sai gidan wasan Comédie-Française da ke tsaye tun 1680. Waɗanda suka fito ta nan sun daɗe suna yi wa 'yan talabijin kallon hadarin kaji. A da in aka ce wane ɗan talabijin ne, kusan zagi ne. Roger Hanin ya yi shekaru yana fitowa a Navarro, na san dattawan Nijar da yawa sun san shi, miliyoyi na kallo, amma masu sharhin fim sun fi tuna shi da abin da ya yi a sinima. Wannan girman kan yana nan lokacin da Omar ya taso.

Waɗanda suka hango abin da ke bayan dariyarsa daraktoci biyu ne masu aiki tare, Éric Toledano da Olivier Nakache. Sun sa shi a wani gajeren fim tun 2002, suka ba shi rol a Nos jours heureux a 2006, suka ƙara a Tellement proches a 2009. Sun yi shekara tara suna auna shi kamar mai kiwon ɗan maraƙi kafin su ɗora masa garma. Da suka zo yin Intouchables, labarin gaskiya suka ɗauko: wani attajiri, Philippe Pozzo di Borgo, wanda hatsarin lema mai tashi ya shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa a 1993, da mai jinyarsa Abdel Sellou, ɗan asalin Aljeriya. Saboda Omar suka mayar da mai jinyar ɗan asalin Sanagal suka sa masa suna Driss. Rigar a jikinsa aka auna ta aka ɗinka.

Fim ɗin ya fito ranar Laraba 2 ga Nuwamban 2011, don a Faransa Laraba ake sakin sababbin fina-finai, kuma 'yan kasuwar fim kan zuba ido kan yawan mutanen da suka shiga nunin ƙarfe tara na safe a sinimar Les Halles don su hango makomar fim. Ni sai a mako na uku na je. Ana sanyi mai ratsa ƙashi, layi ya fito har titi, na tsaya kusan awa guda aka ce tikiti ya ƙare sai nuni na gaba. A gabana wata tsohuwa ce Baturiya da jakar hannu mai tsada, a bayana samari 'yan banlieue da hular sanyi suna ta surutu. Da aka zo wurin da Driss ke yi wa attajirin aski yana canza masa fasalin gashin baki, na waiga na ga tsohuwar da samarin duk suna share hawayen dariya. Ban taɓa ganin waɗannan mutane biyu a ɗaki ɗaya suna dariyar abu ɗaya ba. Faransawa ba da kuɗi suke auna fim ba, da yawan waɗanda suka shiga kallo suke aunawa, kuma wannan ya tara fiye da miliyan 19 a ƙasar kaɗai. Cikin fina-finan gida, Bienvenue chez les Ch'tis na 2008 ne kawai ya fi shi. A Jamus ma ya tara kusan miliyan 9. An kashe masa ƙasa da Yuro miliyan 10, ya dawo da fiye da Dala miliyan 400 a duniya.

Ranar 24 ga Fabrairun 2012 aka ba shi César, babbar kyautar fina-finan Faransa, ta gwarzon jarumi, baƙar fata na farko da ya ɗauke ta tun da aka fara bayarwa a 1976. Cikin waɗanda ya kayar akwai abokin wasansa François Cluzet, akwai kuma Jean Dujardin, wanda bayan kwana biyu kacal ya je Amurka ya ɗauki Oscar. Abin da ya fi ba ni dariya a wannan dare: shi ma Dujardin ɗin ta guntun barkwancin talabijin ya fito, Un gars, une fille, wanda aka yi daga 1999 zuwa 2003. 'Yan Conservatoire suna zaune suna tafi, 'yan talabijin biyu na rabon ganima.

Ba kowa ya yi murna da fim ɗin ba, kuma ya kamata ka ji ɗaya ɓangaren. Mai sharhi a mujallar Variety ta Amurka ya caccake shi, ya ce tsohon hoton nan ne na baƙin bawa mai fara'a da ke nishaɗantar da ubangidansa Bature. A Faransa an ji haushin wannan magana ƙwarai. Ni a ganina mai sharhin ya wuce gona da iri, amma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Driss ba ya rusunawa, ba ya tausaya wa attajirin, kuma wannan rashin tausayin ne ma maganin da mutumin yake nema. Sai dai labarin ya tsaya inda ba zai ɓata wa kowa rai ba: talaka baƙi ya kawo rawa da raha, mai kuɗi fari ya kawo zane-zane da kiɗan gargajiyar Turai, kowa ya koma gida zuciya fari ƙal. Omar ya fi rubutun da aka ba shi. Duba fuskarsa a wurin da ya tsaya daga nesa yana kallon matar da ta raine shi ta taso daga aikin shara, ba kalma ko ɗaya. A nan na san akwai ɗan wasa, ba mai ban dariya kawai ba.

Yanzu ga inda sa'a ke ƙarewa. Ɗan wasa baƙi a Faransa, samun shiga wahala ce, amma fita daga akwatin da aka sa shi ya fi wahala. Mouss Diouf, haifaffen Dakar, ya yi fiye da shekara goma yana fitowa mataimakin 'yar sanda a shirin Julie Lescaut, kowa ya san fuskarsa, har ya rasu a 2012 ba a ba shi babban fim ya ja ba. Isaach de Bankolé, ɗan Abijan, ya ci César ta sabon jarumi mai tasowa tun 1987, ƙarshe Amurka ya koma da zama. A 2018 Aïssa Maïga ta tara 'yan wasa mata baƙaƙe su 16 suka fitar da littafi mai suna Noire n'est pas mon métier, ma'ana baƙar fata ba ita ce sana'ata ba, suka hau matakalar bikin fina-finai na Cannes tare. Abin da suke kuka a kai shi ne rol ɗin da ake miƙo musu bai wuce mai shara, mai raino, karuwa ko 'yar gudun hijira ba, kuma sau da yawa a ce su yi magana da karin harshen Afirka alhali a Faris aka haife su. Omar ya san wannan rami sarai. Da ya zauna, da an yi ta kawo masa Driss na biyu da na uku har jama'a su gaji.

A 2012 ya kwashe iyalinsa ya koma Los Angeles, yana mai cewa yana son 'ya'yansa su tashi ba a ƙarƙashin inuwar sunansa ba. Kada kalmar Hollywood ta ruɗe ka. Abin da ya samu a can ƙanana ne: Bishop a wani fim na X-Men a 2014, mai kula da dabbobi a Jurassic World a 2015, ɗan rol kusa da Tom Hanks a Inferno a 2016. Fina-finai ne masu ɗimbin kuɗi, amma ka cire shi daga cikinsu labari ba zai girgiza ba. Ya koyi Turanci, ya ga yadda babbar kasuwa ke aiki, an san fuskarsa a ƙasashen da ba a kallon fim ɗin Faransa. Ribar ke nan. Manyan ayyukansa duk a Faransa ya ci gaba da yin su, yana zuwa yana komawa.

Cikinsu wanda na fi so ka nema shi ne Chocolat na 2016, wanda Roschdy Zem ya ba da umarni. Labarin Rafael Padilla ne, wanda aka haifa cikin bauta a Kyuba, ya zama baƙin ɗan wasa na farko da ya yi suna a Faris a ƙarshen ƙarni na 19. Shi da wani Bature ɗan Ingila mai suna Footit suke wasan ban dariya, kuma gishirin wasan shi ne Footit ya mari Chocolat ko ya shure shi, shi kuma ya washe baki, jama'a su tuntsire. Ya yi suna har mai zane Toulouse-Lautrec ya zana shi, 'yan'uwan nan Lumière da suka ƙirƙiro sinima suka ɗauke su a hoto mai motsi, amma ya mutu cikin talauci a Bordeaux a 1917, aka manta da shi kusan shekara ɗari. Ka dubi wanda ya zaɓi ya hau wannan rol: mutumin da Faransa gaba ɗaya ke ƙauna saboda dariyarsa, wanda aka zarga da cewa yana nishaɗantar da Turawa. A fim ɗin, Chocolat ya gaji da shan mari ya ce zai yi wasan gaske, ya hau dandali a matsayin Othello na wasan Shakespeare, sai masu kallon da suka saba yi masa tafi suka yi masa ihu. Omar hannunka mai sanda yake yi wa masu kallonsa: in na daina ba ku dariya, za ku ci gaba da zama? Mutum kusan miliyan 2 suka shiga kallo. An sa shi cikin 'yan takarar César bai ci ba, abokin wasansa James Thierrée, jikan Charlie Chaplin, shi ya ɗauki ta mataimakin jarumi. Har yau ina ganin an yi masa ƙwange a wannan shekarar.

Ya kuma shiga sa kuɗinsa da sunansa a matsayin furodusa ta kamfaninsa Korokoro. Wannan ne juyin da ya fi muhimmanci a rayuwar sana'arsa, ya fi César, ya fi zuwa Amurka. Ɗan wasa zaune yake yana jiran waya. Furodusa shi ke buga wayar. Ba duk abin da ya taɓa ne ya zama zinariya ba: Knock na 2017 da Le Flic de Belleville na 2018 ba su yi armashi ba, kuma ba laifi in ka tsallake su.

Sai batun Lupin da ka kira ci baya. Da a 1995 ka yi wannan tambaya, da na ce ka yi gaskiya. Amma kafin 2021 katangar da ke tsakanin sinima da fim mai dogon zango ta riga ta zube, manyan jarumai na rububin shiga. Kamfanin Gaumont ne ya shirya shi, Netflix ta sake shi ranar 8 ga Janairun 2021, lokacin da annobar korona ta rufe gidajen sinima a Faransa kowa na zaune a gida. Netflix ta ce gidaje miliyan 76 suka kalla a makonni huɗun farko. Babu fim ɗin sinima na Faransa da zai kai shi gidajen Kano da Damagaram da Legas a mako ɗaya, kai kanka shaida ne. Arsène Lupin kuwa tsohon gwarzon adabin Faransa ne, ɓarawo mai kwat da ladabi da Maurice Leblanc ya ƙirƙira a 1905. Dabarar da aka yi ita ce ba a ce Omar ne Lupin ba. Assane Diop ne, ɗan wani direba ɗan Sanagal da aka yi wa ƙazafin sata ya mutu a kurkuku, yaron ya tashi da littafin Lupin a hannu yana koyon dabarun ramuwa. Makaminsa mafi kaifi shi ne ba a kallon irinsa. Ya sa rigar masu shara ya shiga gidan tarihi na Louvre, masu gadi suna ganinsa kamar ba su gan shi ba. Ɗan mai shara ne ke wasa da wannan, ya san abin daga gida. Lokacin tallar shirin har ya sa rigar lebura da takunkumi ya je tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Faris yana liƙa hoton kansa a bango, mutane na wucewa ba su gane shi ba. A shekarar nan ce kuma Faransa ta yi abin da ta saba: ta kafa dokar da ta tilasta wa Netflix da ire-irenta zuba aƙalla kashi 20 na abin da suka samu a ƙasar cikin shirye-shiryen gida da na Turai.

Ƙarfin da Lupin ya ba shi ne ya taimaka wa Tirailleurs, fim ɗin da darakta Mathieu Vadepied ya daɗe yana fafutukar yi. An nuna shi a Cannes a 2022, ya shiga sinima a Janairun 2023, ya wuce mutum miliyan ɗaya. Omar ya fito a matsayin Bakary Diallo, makiyayi da ya shiga soja a 1917 don ya bi ɗansa da Faransawa suka kama da ƙarfi zuwa fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunan rundunar ya ce 'yan Sanagal, amma daga duk yankin Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka kwaso su, wajen mutum 200,000 a wannan yaƙin, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Daga farkon fim har ƙarshe da Fulatanci yake magana. Na kalle shi da wani abokina Bafulatanin Adamawa, yana ta gyaɗa kai yana cewa wannan kalmar tamu ce, waccan kuma ta mutanen Futa ce sai ya duba fassara. Fim ɗin yana da rauni, tsakiyarsa na jan ƙafa, amma ka yi tunanin jarumin da ya fi kowa farin jini a Faransa ya tsaya awa ɗaya da rabi yana harshen uwarsa, Faransawa na karanta fassara a ƙasan allo. A daidai fitowarsa ne gwamnati ta amince tsofaffin sojojin da suka rage su koma ƙasashensu su ci gaba da karɓar kuɗin tsufa, ba sai sun yi wata shida a Faransa kowace shekara ba. Ku a Nijar wannan labari ba baƙo ba ne. Oumarou Ganda ya yi wa Faransa yaƙi a Indochina, yana dako a tashar jirgin ruwan Abijan daraktan Faransa Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, daga nan ya dawo gida ya ɗauki kyamara da kansa, har ya zama wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a 1972.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma ba zan shafa maka zuma a baki ba. Yawancin 'yan wasan Faransa ba su san rayuwar Omar Sy ba ko a mafarki. Kalmar da ke bakinsu kullum ita ce "awowina". Akwai tsarin da ake kira intermittent du spectacle: in ka tara awa 507 na aikin da aka biya ka a cikin wata 12, asusun marasa aiki zai riƙa ba ka wani abu a ranakun da ba ka da aiki. Kowane kuɗin fitowa ɗaya, wanda suke kira cachet, ana lissafa shi awa 12, don haka lambar da kowa ke bi ita ce 43. Ba wasa suke da wannan tsari ba: da aka taɓa shi a 2003, yajin aikinsu ya sa aka soke bikin wasan kwaikwayo na Avignon ɗungurungum. Na taɓa yin kwana ɗaya cikin waɗanda ake zubawa a bayan jarumi don cika wuri. Ƙarfe shida na safe aka tara mu a wata tanti, aka ba ni kwat ɗin da ya fi ƙarfina, na tsallaka titi ɗaya sau goma sha wani abu har yamma, da fim ya fito kafaɗata kawai na gani. Wanda ke kusa da ni a tantin dattijo ne da ya yi Conservatoire, yana ƙirga cachet ɗinsa a bayan takardar burodi, saura masa huɗu wata ya ƙare. Da yawansu da aikin ɗora murya a fina-finan waje suke cike gibin, irin abin da ake yi wa fina-finan Indiya a Kano, sai dai can sana'a ce mai ƙa'ida da farashi.

Kafin ka shiga wannan lissafi ma sai kana da takardar izinin aiki. Sai wakili, wanda ke ɗaukar kashi 10 na abin da ka samu, kuma wakili ba ya ɗaukar wanda bai ga aikinsa ba. Akwai wata 'yar taga da suke kira casting sauvage, inda masu neman 'yan wasa ke bin titi da unguwanni suna neman fuskar da ba a sani ba. Ta nan aka samo Abou Sangaré, ɗan Gini mai gyaran manyan motoci a Amiens, wanda ya ja L'Histoire de Souleymane, ya ci kyauta a Cannes a 2024 alhali ba shi da takardar zama, sai a farkon 2025 aka ba shi, sannan ya ɗauki César ta sabon jarumi. Labari ne mai daɗi, amma kada ka sa shi a lissafinka, kuma kada ya sa ka tunkari hamada.

Hanyar da na ga tana kai mutanenmu ita ce ta fina-finan haɗin gwiwa, waɗanda daraktocin Afirka ke ɗauka a gida da tallafin kuɗin Faransa, su je FESPACO a Wagadugu ko Cannes, a ga ɗan wasa a nan a neme shi. Don haka ka gyara Faransancinka har ya zama kana iya wasa da shi ba karanta shi kawai ba, kada kuma ka yar da Hausarka, don ranar da za a nemi mai ita ba za a samu a Cours Florent ba. Ka samu abokin wasa ɗaya da kuke jituwa, ku kafa waya a kan tebur, ku riƙa ɗaukar minti biyu kullum kuna sakewa. In kun yi wata shida, ka turo min na farko da na ƙarshe in gani.